Koren Da Ya Ƙi Fitowa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jego, ya jaririya?

Ba don dole ba da ban dame ki ba. Lezar nan taki, mai fitar da koren haske a ɗakin gwajinmu, ta ƙi ni. Gilashin da kika yi wa siraran tsagi shi nake amfani da shi, ruwan sinadarin ma naki ne na cikin firij. In na shimfiɗa ruwan a kan gilashin da na'urar juyi na haska shi, maimakon koren da kika samu sai ruwan ɗorawa. Kullum haka, kamar an yi mini baki.

Jiya a ɗakin taro Farfesa ya ce sakamakon da hannu ɗaya kawai ke iya fitarwa ƙirƙira ce. A gaban kowa ya faɗa. In kore bai fito ba, zai janye takardar bincikenki.

Ƙaninki a aiki

*

Sarkin Gaggawa,

Muna lafiya, sai rashin barci.

Ƙirƙira? Ni? Da tsohon ciki na yi aikin nan, ƙafafuna kamar turmi, ko kujera bai taɓa miƙo mini ba. Na karanta wasiƙarka raina ya ɓaci har na kasa cin abinci.

Ruwan ɗorawa dai ka san fassararsa: shimfiɗarka ta yi kauri, tsagin kuwa ba ya yafe kauri. Duba gudun na'urar. Na san ka, ba ka taɓa bin abu a sannu ba.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na duba gudun, na sake kwalba, har safar hannu na canja. Wallahi daga firij zuwa na'ura ko numfashi ba na tsayawa yi, a guje nake hawowa da kwalbar a kan tire don kada ta lalace. Me kuma ya rage? Na gaji, Yaya.

*

Sarkin Gaggawa,

A guje! Allah ya shirye ka.

Ina ɗumama wa 'yar nan madara na tuna. Firij yana ƙasa, na'ura tana sama. Ni a tafin hannu nake damƙe kwalbar, in hau bene ina nishi, in zauna a kan matakala in huta. Kafin in isa ta ɗauki ɗumin jikina, ruwan ya tsinke, shimfiɗar ta fito siririya. Kai kuwa da sanyinsa da kaurinsa kake zubawa. Ban rubuta ba don ban san aiki nake yi ba, na ɗauka haki kawai nake.

Gobe ka yi tafiyar mai ciki.

*

Yaya,

Na zauna a matakala da kwalbar a tafin hannu, masu wucewa suna tambayata ko lafiya. Kore ya fito, shar! Na kira Farfesa ofis ya gani. Ya ce in gaya miki shi dama bai taɓa shakkarki ba, yaushe za ki dawo?

*

Ƙanena,

Sannu da ƙoƙari, Allah ya yi albarka.

Ka ce masa ba a ofis ya kira ni maƙaryaciya ba. Ya koma ɗakin taron ya faɗa, sannan ya tambayi ranar dawowata.

Yayarka