Kwamfuta Mai Rami Biyu da Muryar Baba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi, har tana zagaya tsakar gida ba sanda. Gaisuwar ke nan, ba zan ja ta ba, don raina a ɓace yake.

Kwamfutar da ka aiko ta iso, siririya kamar faranti, kowa ya yaba. Sai dai rami biyu gare ta, Auta, biyu tak! Kai da ka girma a shagon nan ka san firinta na son rami, sikana na so, linzamin kwamfuta na so, ga filas ɗin masu kawo bugu. Tsohuwar da ka matsa min na bayar rami shida gare ta, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Sati guda na yi ina zare wannan in soka wancan, mutane na tsaye a kaina suna tsaki.

Da na kai maka kuka, me ka ce? Wai in bar wa Kawu, ai shi mai gyaran wuta ne. Kawu kuwa ya zo da ƙarfinsa, ya ce wannan da soket duk ɗaya ne. Ya sayo abin nan na ƙara ramuka mai baki huɗu har guda uku, ya jona wani a bakin wani. Ya soka firinta da sikana da ƴar fanka, har da wayarsa yana caji, sannan ya ƙara da baƙin akwatin da nake ajiye ayyukan kwamfuta a ciki. Ya karkaɗe hannu ya ce shekara talatin yana joni, babu wanda ya taɓa dawo masa da aiki.

Ina cikin kwashe ayyuka akwatin ya fara ƙyas-ƙyas, ya ɗauke, har yau bai sake buɗewa ba. Mai gyaran kwamfuta ya ce wutar rami ɗaya aka raba wa abu biyar, alhali mai baki huɗun da ke da wayar wutarsa daban ya kamata a saya. Ya ce zai gwada, amma kada in sa rai.

Ayyukan mutane zan sake bugawa ko da yatsuna za su kumbura. Amma a cikin akwatin nan muryar marigayi Baba take, hirar da muka kwafo daga kaset kafin ya tsinke. Kullum da hantsi Inna kan zo shago in kunna mata, ta zauna ta gyaɗa kai a inda yake dariya. Kwana huɗu ke nan ina ce mata sabuwar kwamfuta ce ba ta saba ba. Ni da furfura ina yi wa uwata ƙarya! Ina jin haushin Kawu, ina jin naka, nawa ya fi, da na tsaya ina kallo.

Tun bara na tura maka hirar a waya, ka ce wayarka ta cika, za ka rage kaya. Don Allah ka duba yau ɗin nan.

Ka gaida mai ɗakinka da Gajere da ƴar jaririya. Kawu ma yana gaisuwa, ni dai ban amsa tasa ba tukuna. Idan hirar tana nan, ka turo. Idan ka goge, kada ka kira Inna, ni za ka kira, in san yadda zan gaya mata.

Yayarka mai shago.