Wata Huɗu Ina Ƙirga Bugun Tauraro

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna da yara? Ni lafiya ƙalau, sai dai abinci ya ƙi shiga.

Tauraron da nake nazari ya lafa. Ka tuna, mataccen tauraro ne mai zuƙar iska mai zafi daga maƙwabcinsa. Yana fitar da haske irin na ɗaukar hoton ƙashi, yana bugawa kamar zuciya, kuma idan iskar ta hargitse sai bugun ya rikice. Na ce maka sai shekara huɗu-huɗu yake tashi, ba zan zo gida ba sai ya gama.

Ashe maganar ka riƙe. Wata huɗu ina gaban kwamfuta ina rubuta kowane tuntuɓen bugunsa, zuciyar Baba na can tana nata, kai kuma kullum, "Lafiya lau, barci yake." Sai jiya maƙwabciyarmu ta kira ta yi mini ta'aziyya.

Tauraron zai dawo, Yaya. Da ka bar ni na zaɓa.

Allah ya jiƙan Baba. Kada ka rubuto mini cewa Inna lafiya take. Miƙa mata waya in ji da kunnena.

Ƙanwarka.