Takardar Asali Kaɗai Ta Rage

Baffa Sule,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya. Yaya ƙafar Inna Rabi? Yaya yara da aikin gona? Mu nan Sabo lafiya lau.

Albishirinka, Baffa, na samu tallafin nan na karatun haɗa magunguna a Masar. Kuɗin makaranta, masauki da tikitin jirgi duk sun ɗauke mana. Ina taya Baba ciniki a kasuwar Bodija saƙon ya shigo wayata. Nan take ya yi sujada tsakanin buhunan albasa, maƙwabciyarmu Bayarabiya kuwa ta hau rawa.

Abu ɗaya ya rage: suna son takardar shaidar asali kafin ƙarshen wata. Na nema a nan, ina ta zuba Yarbanci, aka ce in nufi Bichi, garin kakana. Don Allah ka je wurin mai unguwa ya shaide ni, ka karɓo mini a ƙaramar hukuma. Sau biyu kacal na taka Bichi, amma sai da hatiminta zan ga Alƙahira.

A sa ni a addu'a, a gaida Inna da kowa. In mai unguwa ya ce bai san ni ba, ka ce jikan Audu mai goro ne.

Ɗanka,
Nura