Numfashin Bara'atu

Aikin farko yau: tace ruwan randa, ya kwana da ƙura a kansa.

Ƙofar Dundaye, Sakkwato, cikin watan Rajab.

Zuwa ga wana Tukur, a Lakwaja. Gaisuwa mai yawa da girmamawa, da fatan kana lafiya, kai da Delu da yara, da fatan cinikin tufafi yana tafiya. Allah ya ƙara maka lafiya da rufin asiri, amin. Inna tana nan da ƙarfinta, sai ciwon gwiwa da sanyi ke tayar mata. Matata Hajjo lafiya, manyan yara ma haka. Maganar ƙaramarsu ce, Bara'atu, ta sa na ɗauki alƙalami.

Hazon bana ya wuce wanda ka sani. Tun da aka gama sussuka ba mu ga sama sosai ba. Rana takan fito fara kamar wata, mutum ya dube ta ido bai yi zafi ba, safiya kuma sanyi har cikin ƙashi. Daga ƙofar gida ba a hango kukar bakin hanya. Na tambayi wani Buzu mai gishiri inda wannan abu yake tasowa. Ya ce ba ƙurar gonakinmu ba ce, daga can gabas da Bilma take, inda ƙasa fara ce mai laushi kamar gari, iska kuwa ba ta ajiye ta har bakin teku. Manoman fadama suna murna, wai shekarar hazo ƙasa takan yi ƙarfi. Mai yiwuwa gaskiyarsu. Ni dai abin da na gani shi ne yarinyata tana jan numfashi da ƙara kamar zuga-zugin maƙera, kafaɗunta suna ɗagawa, leɓenta ya tsage.

Ga kuma sanƙarau ya shigo gari. Ɗan maƙwabcinmu Sodangi ya yi wasa da safe, da la'asar wuyansa ya sandare, washegari muka kai shi makwanci. Likitan Turawa da nake yi wa tafinta ya ce ƙurar tana busar da hanci da maƙogwaro har su tsattsage, ta nan cutar take samun ƙofa, kuma tana bin numfashi daga mutum zuwa mutum idan an cunkushe a ɗaki ɗaya. Ya ba da umarni a buɗe tagogi, a rarrabu wajen kwana. Ni ne nake bin unguwanni ina faɗa wa mutane wannan da bakina.

To, ka san Inna. Da hunturu ya kama sai ta liƙe tagarta da laka, ta sa garwashi a kasko, ta tara jikoki duka a ɗakinta, yadda ta yi mana muna yara. Na roƙe ta, ta ce ita ta raine mu a haka ba wanda ya mutu, kuma Bature bai taɓa goyon ɗa ba. Duk da haka na fasa lakar da hannuna, na raba wa yara wurin kwana. Kafin gari ya waye ƙura ta rufe tabarmi, Bara'atu ta shiɗe har sai da muka yi ta yi mata fifita. Inna ta kwaɓa sabuwar laka ta mayar. Ban hana ta ba. Yanzu kullum ina fita in gaya wa mutane su buɗe tagoginsu, tawa tana liƙe. In na buɗe, ƙura ta shaƙe Bara'atu. In na rufe, ina jiran abin da ya sami gidan Sodangi. Na juya maganar nan ta kowace fuska, ban ga daidai ba.

Saboda haka nake roƙonka ka karɓi riƙonta. Ka taɓa rubuto mini cewa hazo yana isa wurinku, amma da sauƙi, iskar bakin kogi kuma da laima. Ayarin falke Maigandi zai tashi jibi ta Jega zuwa Yawuri, daga can su shiga jirgin ruwa, matarsa Dijatu kuma ta yarda ta kula da ita. Ba zan iya jiran amsarka ba, wannan takarda da yarinyar tare za su iso. Na san hanya da nisa, kuma kwanakin farko cikin ƙurar za a yi su. Ina tsoron kada ta kasa kaiwa Yawuri. Ina tsoron kuma kada ta tafi muku da cutar a jikinta ban sani ba, don haka ku ware mata wurin kwana da farko. Idan kuskure nake yi, Allah ya sa ya tsaya a kaina. Ka gaya wa Delu yarinyar tana son kunun tsamiya, kuma ba ta cewa tana jin ciwo sai an tambaye ta.

Ka gaida Delu da Mairo da Garba, da Lantana in ta zo ganin gida. Inna tana sa maka albarka. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanenka, Arzika.

Abin da ya rage gobe:
Karɓo takalmanta wurin baduku.
Neman mayafi mai kauri na rufe hanci.
Man shanu a ƙaramin tandu, saboda leɓenta.
Kai wa Maigandi takardar nan.
Gaya wa Inna.
Gaya wa Hajjo.