Wayar Auta a Akwatin Kumfa

Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Tunda wayarki ta ƙi shiga, ga takarda ta hannun direba. Inna ta kira har yatsanta ya gaji, kullum sai a ce ba a samunki. Ta ce in ba ki amsa ba za ta ɗauki mayafi ta zo makarantar da kanta, kin kuwa san ta.

Yayanki.

Yaya,

Ina gaishe ka, a gaishe min da Inna. Wallahi ban taɓa jin labari mai daɗin wannan ba! Ashe ba ta shiga?

Ka tuna ƙaron da nake fama da shi? Na kumbura shi ya yi kumfa, na gasa shi a tanda ba iska, ya fito baƙi ƙirin kamar gawayi, ga rashin nauyi sai ka ce soso. Aikinsa tare igiyoyin lantarki da ke rikita na'urorin asibiti, a huta da ƙarfe mai nauyi. Duk na baya sun farfashe, wannan kaɗai ya tsaya. Na yi akwati da shi, malaminmu ya kulle wayata a ciki. In kira ɗaya ya shiga, sai na maimaita shekara. Ina tsoro, amma don Allah ku yi ta kira.

Autarku.

Auta,

Bayan gaisuwa, kin haukata mana gida. Inna ta sa kowa layin kiranki, har mai shagon ƙofar gida. Da an ce ba a samunki sai ta yi hamdala. Ni da na biya kuɗin makaranta, ashe gawayi aka tura ki yi.

Amma yau da safe Inna ta kira, ta ji ta shiga. Ta kashe da sauri, wai kada malamin ya ji. Tun ɗazu tana ɗaki, ko karyawa ba ta yi ba, ta ce ita ta ɓata miki aiki. Me ake ciki?

Yayanki.

Inna,

Ina gaishe ki da girmamawa. Yaya ya karanta miki a hankali. Malamin ne ya buɗe akwatin da hannunsa, an gama gwaji, na ci. Wayar tana tafin hannuna kiranki ya shigo, shi ne na farko. Ki ci abinci, ki sake kira, kada ki kashe.

'Yarki, Auta.