Koren da Ya Shiga Fata

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan. Yaya ƙafar 'yata Tsuntsuwa? Har yanzu tafin na tsagewa?

Yaya, albishirinki! Kin san shekara uku ina fama a ɗakin bincikenmu da maganin irin ciwonta, wanda ake haɗawa da sinadarin ƙwayoyin gado. Ƙwayoyin maganin manya ne, fata kuwa ba ta buɗe masa ƙofa. Shi ya sa muke cuɗa shi da wani ruwa mai sassauta saman fata, mu liƙa masa koren rini don mu ga inda ya kai. To yau na leƙa madubin nan mai ƙara girman abu, sai ga kore shar har can ƙasan fatar gwaji! Wallahi sai da na zauna a ƙasa. Ki ce wa Tsuntsuwa ta fara zaɓen takalmi, ni zan saya mata, ta kusa daina tafiya da tsumma a ƙafa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ku, da fatan kowa lafiya. Ni dai ba lafiya ba.

Innalillahi! Shugabarmu, mace mai shegen bin diddigi, ta sa na niƙa fatar na auna maganin kansa, ba launinsa ba. Yaya, babu. Ko ɗigo. Sau huɗu ina maimaitawa, har na zargi na'urar awon. Ashe ruwan nan namu tsinke rinin yake yi daga jikin maganin. Rini ya shige abinsa, magani na zaune a waje kamar baƙon da aka hana shiga. Wato launi na yi wa murna! Ni da kike ce wa sarkin gaggawa tun muna yara, ga shi na tabbatar miki. Kunya ta ishe ni.

Ina cikin wannan hali saƙonki ya iso. Na buɗe, sai ga takardar da Tsuntsuwa ta ɗora ƙafarta ta zana da fensir, don kada in kuskure awo.

Don Allah kada ki gaya mata komai. Da bakina na yi alkawarin, ni zan zo ranar Asabar in durƙusa gabanta. Abin da ya ƙarasa kashe min jiki shi ne rubutunta a ƙasan zanen. Wai tunda kore ne ya shiga, koren takalmi take so.

Taki har kullum,
Auta