Ƙashin mamaci aka dasa mini a baki ban sani ba

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin don Allah a ɓoye sunana. Shawara nake nema, ku taimaka ku ba ni don Allah, abin nan ya hana ni sukuni kuma na rasa wanda zan faɗa wa.

Ni 'yar garin Kahu ce amma a Rano nake aure, shekarata arba'in da ɗaya. A unguwarmu in mace ta rasu ni ake aikowa in yi mata wanka, a hannun Innata na koya, ita kuma mutum ce da ko farce ta yanke sai ta haƙa rami ta binne, ta ce jikin ɗan Adam ba abin yarwa ba ne. A haka na tashi.

Shekara uku da suka wuce muka faɗi a babur a hanyar Rurum, haƙorana huɗu na gaba suka zube. Na sa na roba na cirewa, kullum sai sun ci mini dasashi, ko rogo ba na iya gatsa. Bara maigidana ya kai ni wani asibitin haƙori a Kano a dasa mini na dindindin. Likita ya ɗauki hoto ya ce ƙashin wurin ya zaizaye, ba zai riƙe ƙarfen da ake kafa haƙori a kai ba, sai an fara cike wurin da ƙashi an jira wasu watanni ya kama. Sauran bayanin da Turanci suka yi shi da maigida, da na tambaya ya ce mini wani garin magani ne za a zuba. Na sa hannu, aka yi.

Wancan watan muka koma, likita ya duba ya yi murna, ya ce ya kama sosai. Ni kuma da bakina na ce, likita wai garin nan na mene ne? Ya kalli maigida, sannan ya ce, "Hajiya, ƙashin mutum ne wanda ya ba da izini kafin ya rasu, daga ƙasar waje ake kawo shi, an tsarkake shi an niƙa. Na zaci Alhaji ya gaya miki." Wallahi ji na yi kamar an zuba mini ruwan sanyi.

A mota ni da maigida muka yi ta yi har Rano. Ya ce an ba shi zaɓi ne, ko a yanko daga ƙuguna, ko na saniya, ko wannan, shi kuma tsoron tiyata biyu ya ji saboda ina da ciwon suga, kuma likita ya ce wannan zai fi dacewa da ni. Ya ce ya san halina shi ya sa ya yi shiru. Na ce to ai sanin halin nawa ne ya kamata ya sa ka faɗa. Kwana huɗu ban yi masa magana ba.

Tun ranar harshena ba ya barin wurin. Ina tuƙa tuwo sai in ji kamar akwai wani tsaye a bayana. In na zo kurkure baki a alwala sai hannuna ya tsaya. Makon jiya maƙwabciyarmu ta rasu aka aiko, na je har ƙofar ɗakin, na ga likkafani a ninke, na kasa shiga, na ce jiri nake ji. Ni da nake tattara gashin da ya zube wurin wanka in sa a likkafani, yau ni ce nake yawo da wani ɓangare na bawan Allah da bai shiga kabarinsa ba.

Na kira likita na ce a cire, ya ce ba abin da za a cire, jikina ya riga ya cinye shi yana mayar da shi nawa. Wani malami da maigida ya tambaya ya ce lalura ce babu laifi, amma ni ba a gabana aka yi ba, kuma yanzu ban san me zan yarda da shi daga bakin maigida ba. Inna kuwa har yau ba ta sani ba.

Ranar Litinin ake so mu koma a kafa ƙarfen. In je a ƙarasa, ko in haƙura da giɓina? In gaya wa Inna? Kuma masu ilimi a cikinku, na fara sa mutumin nan mai ƙashin a addu'a bayan kowace sallah, ban san sunansa ba, ban san addininsa ba, ban ma san ko mace ce ba. Ya halatta in ci gaba? Don shi ne kaɗai abin da in na yi nake iya haɗiye abinci.